Injiniya Hushang Bai Yarda da Kowa Ba

Duk wanda ya san shagon burodin da ke saman titin Yonge, inda mutanen Iran suka cika wannan gefe na Toronto har Turanci ya zama baƙo, ya san Injiniya Hushang Dabbagi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gashin bakinsa ya riga na kansa yin furfura. Kullum da hantsi yana teburin kusurwa, baya a bango, fuska a ƙofa, da ƙwayar sukari a kunci yana kurɓar shayi. In ka gaishe shi da fara'a zai amsa da fara'ar da ta fi taka, har da miƙewa da dafa ƙirji. Kana juya baya zai karkata wajen na kusa da shi ya ce, "Wannan kuma me yake nema?"

Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. A garin Kerman na Iran ya tashi, a gidan dillalin dabino, inda ba a sayen kwando sai an zazzage shi har ƙasa. Ya yi karatun injin sanyi, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran ɗakunan sanyin masu dabino a garin Bam, can yankin Kerman. A can ya sha ganin inji ya mutu ba sallama, amfanin shekara guda ya yi tsami, magidanci ya zauna a ƙasa yana kuka. A can kuma ya lura cewa inji ba ya mutuwa sai ya fara sauya murya, mutane ne kawai ba sa saurare. Sai ya zauna ya ƙera wata 'yar na'ura, ba ta fi akwatin ashana ba, wadda ake mannawa a jikin injin firij. Ita ke saurare, in ta ji murya ta sauya ta aika saƙo a wayar mai shago. Ya sa mata suna Kunne.

Kunne ce ta kawo shi Kanada. Akwai ƙofar da aka buɗe wa baƙi masu sabuwar dabara: ka samu ɗaya daga cikin cibiyoyin renon ƙananan kamfanoni ta duba dabararka, in ta gamsu ta tsaya maka, a bar ka ka shigo ka yi aiki kana jiran izinin zama na dindindin. Jiran yana da tsawo, kuma duk tsawonsa kana tafin hannun cibiyar. Ranar da ta zare hannunta, ka fara neman akwatinka. Hushang kuwa ya sayar da shagonsa na Kerman, ya sayar da gidan da ya gada. Matarsa Furuzan, wadda ta yi shekaru tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ita ce yanzu ke kwaɓa kullu a bayan wannan shagon burodi. In aka ce su koma, babu inda za su koma sai ɗakin baƙi na ƙaninta.

Da yake Turancin Injiniya na karanta takardar inji ne, ba na tsayawa gaban mutane ba, sai aka haɗa shi da Kambiz, ɗan wani aminin surukinsa. Kambiz ya yi karatu a Malesiya, bakinsa ba ya gajiya, zai iya sayar wa mai firij ɗaya Kunne biyu. Suka kafa kamfani su biyu. Da aka zo neman goyon bayan cibiya, sai aka ce a faɗi wanda yake ginshiƙin kamfanin. In ginshiƙi ya faɗi, kowa ya faɗi. In ɗayan ne ya faɗi, ginshiƙi ya ci gaba da tafiyarsa.

Kowa a cikinmu mutanen Iran ya san yadda ake yi a irin wannan wuri. Babba ya yi tayi, ƙarami ya ƙi. Babba ya sake, ƙarami ya rantse bai isa ba. A ja a ja har abu ya koma hannun mai shi, kowa ya tashi da mutuncinsa.

"Kai ne yaro, kai ke da baki, a sa sunanka," in ji Hushang.

"Haba Baffa, ina ni ina shiga gabanka?"

"A'a, wallahi kai ka dace."

"To, tunda ka ce haka, Baffa," in ji Kambiz. "Dama su ma mai amsa tambayoyi suke so."

Shi ke nan fa. Hushang ya yi murmushi har ya shafa kafaɗar yaron, amma maganar ta tsaya masa a rai, kuma ba ta taɓa wucewa ba. Tun daga ranar, in Kambiz ya yi atishawa sai Injiniya ya yi tunanin dalili.

Garin ma bai taimaka ba. A shagon burodi ba a hira sai ta kamfanonin takarda, waɗanda ba su da ko tebur, da masu hali da ake liƙa sunansu a kamfani ba su san ma abin da yake yi ba. Fasinja muke ce musu. In sabon mutum ya shigo ya ce yana da kamfani, sai a ce masha Allah, a kuma bi takalmansa da kallo a ga ko na mai aiki ne. Cibiyoyi ma sun ji jiki da fasinjoji, don haka suka fara kiran masu kamfani ɗai-ɗai suna yi musu tambayoyi.

Wadda ke kula da kamfaninsu a cibiyar wata doguwar mace ce, Madam Kolin, mai yawan murmushi, tana zuwa ofis da takalmin gudu. Hushang bai yarda da murmushin ba, bai kuma yarda da takalmin ba. Ranar da ta kira shi, ya sa kwat ɗinsa na biki ya tafi.

"Mista Hushang, a zuba maka kofi?"

"A'a, a'a, na gode, kada ki wahalar da kanki."

"To shi ke nan," in ji ta. Ta zuba wa kanta ta zauna.

Ya bi kofin da ido, maƙogwaro a bushe don sanyin da ya kwaso a tashar bas. A ransa ya ce, an fara.

"Faɗa mini," ta ce, "wa ya ƙera na'urar nan taku?"

Da a Kerman ne aka yi masa wannan tambaya a gaban dattawa, akwai amsa ɗaya tak da ɗan mutunci zai bayar, kuma ita ya bayar. Ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai.

"Haba Madam, ni wane ne? Ai duk aikin Kambiz ne. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa. Ni ɗan rakiya ne kawai, ina miƙa masa filaya."

Ya jira ta ce a'a, ai mun san kai ne, shi kuma ya ƙi, ta matsa, sannan ya amsa kamar dole aka yi masa. Madam Kolin ta ajiye kofinta.

"Wato ba ka da hannu sosai a ƙirar?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba."

Ta ɗan dube shi, murmushin ya ragu. Ta taɓa kwamfutarta ta ce ta gode da ya faɗi gaskiya. Hushang ya fito yana jin daɗin cewa ya nuna wa Baturiya tarbiyya. Abin da ya dame shi duk hanya shi ne maganar kofin.

Bayan wannan ne Kambiz ya sauya. Shagonsu wani ɗan ɗaki ne a bayan garejin gyaran mota, tebur ɗaya, fitila ɗaya, da tsohon firij na gwaji. A da nan Kambiz ke amsa duk wayarsa da ƙarfi kamar mai shela. Yanzu in waya ta yi ƙara sai ya duba, ya fita cikin ƙanƙara ba ko hula. In ya dawo ba ya haɗa ido da Injiniya. Sannan ya tsiro da sabon salo.

"Baffa, bari in ɗauke ka bidiyo kana liƙa wayoyin nan."

"Na mene ne?"

"Na talla kawai. Ka ɗan yi bayani, yadda take gane muryar inji ta lalace. Da bakinka."

"Talla ce ke son sanin abin da ke cikin ciki?"

"To ko kaɗan ne, Baffa."

Hushang ya kashe ƙarfen liƙa waya ya ce idonsa na ciwo. Da yamma, Furuzan ta kife tukunyar shinkafa a faranti, ƙanzon ya fito ja-wur, amma ko kallonsa bai yi ba.

"Yaron nan sirrin Kunne yake son kwashewa," ya ce. "Ya samu kujera, yanzu kan yake nema. In ya gama sai ya ce musu ba ya bukatata."

"Injiniya, ka ci abinci."

"Ke ba ki ga yadda yake fita da waya ba."

"Matarsa ciki gare ta, wata ya kusa. Ba zai yi waya ba? Kai fa ko inuwarka ce ta biyo ka sai ka tambaye ta wa ya aiko ta. Yaron da ya ɗauko mana katifa a kansa har hawa na uku?"

"Ai da katifa ake farawa."

Ta yi tsaki ta tura masa ƙanzon gabansa. Ya ci, amma bai sauka daga maganarsa ba.

Ana haka wata rana yana cikin bas, ya leƙa ta taga, sai ga Kambiz da Madam Kolin a wani shagon kofi, kai a haɗe. Kambiz na magana da hannuwa biyu, ita tana girgiza kai. In za a faɗi gaskiya, har daɗi Hushang ya ji, irin daɗin mutumin da aka daɗe ana ce masa mai zargi sai ga shaida ta zo da ƙafarta. Ya isa gida ya zayyana wa Furuzan komai, har da launin kofunan. Wannan karon ba ta yi tsaki ba, ta dai ci gaba da goge tebur.

Bai fi mako ba Kambiz ya tsaya a bakin ƙofar shago yana murza makullin mota.

"Baffa, gobe don Allah ka zo da wuri. Ka sa rigar aikinka, ka buɗe Kunne biyu ko uku a tebur, ka yi ta aikinka kamar kullum."

"Wa zai zo?"

"Baƙi ne kawai."

"Baƙi ba su da suna?"

"Kai dai ka zo, Baffa. Kada ka makara."

"A kan idona," in ji Hushang, da murmushi, wato "an gama" a maganar mutanenmu.

Kambiz na fita ya ja kwali. Masu saye ne za su zo, ya riga ya gano. Za su tsaya a kansa su kalli hannunsa, wataƙila da nasu injiniyan, daga nan a sallame shi da godiya. Ya kwashe Kunne kaf, waɗanda aka gama da waɗanda ba a gama ba, da ƙarfen liƙa waya, da na'urar awo, har da fitilar. Ya kira tasi ya kai su gida ya tura ƙarƙashin gado. Washegari ya sa kwat ɗinsa, ya kashe waya, ya tafi teburinsa na kusurwa ya ce a kawo shayi da burodi mai zafi. Mutane sun ce ba su taɓa ganinsa da walwala irin ta wannan safiya ba, har barkwanci ya yi da mai tanda.

Wajen azahar Kambiz ya turo ƙofa. Bai gai da kowa ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Baffa, fito mota."

Suka zauna a mota, injin na aiki, gilashi ya yi hazo. Hushang ya gyara zama, ya shirya jin ƙarya.

"Ina kayan?"

"Suna inda mai su ya ajiye su. Baƙin naka sun ji haushi ne?"

"Madam Kolin ce baƙin! Ita da mutumin kwamitinsu. Na kawo su su gan ka kana aiki da hannunka, suka tarar da tebur wayam, ko fitila babu. Na kira ka, na kira ka, waya a kashe. Na tsaya a gabansu kamar ɓarawo."

"Su gan ni? Me za su gani a jikina?"

Kambiz ya bugi sitiyari da tafin hannu. Idonsa ya kaɗa.

"Baffa, me ka ce wa matar nan ranar da ta kira ka? Ka ce kai ɗan rakiya ne! Ka ce filaya kake miƙa mini! Ni da ban san kan filaya da gindinta ba! Waɗannan mutane ba su san kara ba, abin da ka faɗa shi ka faɗa. Tun ranar ta sa ka a layin fasinja. Ni kuma nake ta bin ta ina rantsuwa, ina cewa al'adarmu ce, ina roƙon ta zo ta gani da idonta. Bidiyon da ka hana ni, ita zan kai wa."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"In ce maka me? In dubi furfurarka in ce Baffa ka yi wauta? Babana zai tsine mini. Na ce in gyara a ɓoye ba tare da ka ji kunya ba."

Hushang ya ce, "Kayan suna gida. Mu ɗauko mu kai musu yanzu. In buɗe a gabansu, su tambaye ni duk abin da suke so."

"Na roƙa. Mutumin ya ce sun ga abin da suka zo gani. Ya ce mutum ya faɗa da bakinsa ba shi ya yi ba, an zo dubawa ya ɓace. In gobe ya dawo da kwali da bayani a haddace, wa ya san wanda ya koya masa?"

Wannan ce ta fi yi wa Hushang zafi, domin da shi ne a kujerar mutumin, abin da zai faɗa ke nan, kalma da kalma.

"Yanzu me suka yanke?"

"Sun ce za su cire hannunsu daga kanka, su ci gaba da ni, tunda ni ne ginshiƙi. Na ce musu ko mu biyu ko babu. Madam ta ce in haka ne kamfanin gaba ɗaya za su saki, in je in yi tunani. Na ce mata na gama tunani."

"Negin ta sani?" Negin ita ce matar Kambiz.

"Ban faɗa mata ba tukuna."

Hali ba ya barin mutum don an shiga mota. Abu na farko da ya zo wa Hushang shi ne, me yaron nan zai samu da ya gaya mini haka? Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ya zazzage ta har ƙasa kamar yadda aka koya masa. Ya nemi ribar Kambiz a ciki bai samu ba. Abin da ya gani kawai shi ne yaron da matarsa ke da tsohon ciki, wanda aka buɗe wa ƙofa ya ƙi shiga saboda wani tsoho da ya kwana da kaya a ƙarƙashin gado. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

"Ja motar," ya ce. "Kai ni wajen Madam Kolin."

"Baffa, ba za ta..."

"Na ce ka ja."

A ofishin bai jira an ba shi kujera ba. Ya tsaya a gaban teburin Madam Kolin da guntun Turancinsa. Ya ce shi ya ƙera Kunne, shi kaɗai, a Bam, tun Kambiz na makaranta. Faɗin wannan da bakinsa ya fi masa wuya fiye da sayar da gidan ubansa. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ita a ranta tana iya yarda, amma maganar ta wuce hannunta. Ya ce ya sani, ba roƙo ya zo ba. Ya zo ne ya ce ya janye da kansa, na'urar ta kamfani ce, a bar yaron ya ci gaba. Kambiz ya fara magana daga bayansa, Hushang ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba, irin ɗagawar da ba a ja da ita.

Bai yarda a mayar da shi a mota ba. Ya hau bas ya sauka a shagon burodi, ya zaga ta ƙofar baya inda ake sauke buhunan fulawa. Furuzan na gaban babban kwano, hannunta fari har gwiwa. Tana ganin fuskarsa ta tsaya.

"Me ya faru?"

"Cibiya ta zare hannu daga kaina. In izinin aikin nan ya ƙare, ba za a sabunta ba."

Ta dube shi, ta dubi kullun da ke kwano.

"Ashe gaskiyarka ne," ta ce a hankali. "Ni ina ta kare shi, ina ce maka mai zargi. Ashe yaron nan ya ci amanarmu. Ka yafe mini, Injiniya. Allah ya isa tsakaninmu da..."

"Kada ki ƙarasa."

"Don me ba zan ƙarasa ba? Gidanmu fa muka sayar!"

Da ya yi shiru, da ta tafi da wannan har Kerman, ta riƙa ba 'yan'uwa labarin mijinta mai hangen nesa da aka cuta a ƙasar mutane. Ya san haka sarai. Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu.

"Ba Kambiz ba ne, Furuzan," ya ce. "Ni ne. Wanke hannunki ki zauna, in gaya miki tun daga farko."